Gidan da Muka Kai a Kwalekwale

Ranar wata Laraba bayan la'asar Kawu ya kira ni, ina Zariya muna tsaka da zuba kankaren rufin wani bene. Ko gaisuwa ba mu ƙarasa ba ya jefo mini tambaya: "Ɗana, ka taɓa yin gini a inda mota ba ta zuwa?" Na ce na yi a ƙauyukan da sai a amalanke ake kai siminti. Ya ce wannan ko amalanken ba ta zuwa, sai jirgin ruwa, in shirya in taho Legas.

Kawu ƙanin mahaifiyata ne. Ya haura shekara talatin a Ikko yana sana'ar kayan gwari a Mile 12, gidansa kuma yana Agege. Abin da ya daɗe yana ci masa rai shi ne, matarsa Hajiya ta haifi 'ya'yanta duka a garin da ke bakin teku, amma sau biyu kacal ta taɓa ganin tekun da idonta, kuma duka biyun ba ta yi rabin awa ba ta ce a mayar da ita gida. Wuraren shaƙatawa na cikin gari cike suke da kiɗa da cunkoso, babu inda mace mai lulluɓi za ta zauna da 'yan matanta ta sake. Shi ya sa ya nemi ɗan fili can yamma da Ilashe, a kan doguwar tsiririyar rairayin da ke tsakanin mashigin ruwan Badagry da tekun Atlantika. Ya yi yarjejeniya da dangin da ke da ƙasar, da sanin Baale, wato dagacin wurin, lauyansa ya bi takardu. Abin da ya rage shi ne gida. Ba katafare yake so ba. Ɗan ƙarami, na zamani, wanda iyali za su je su kwana biyu su dawo.

Na biyo motar dare, gari ya waye mana a hanyar Ibadan. Kashegari muka sauka tashar jiragen ruwa ta CMS a Marina. Kafin kowa ya taka jirgi sai da aka ɗaura masa rigar hana nitsewa, domin hukumar ruwan jihar ba ta wasa da wannan, kuma an hana tafiyar dare. Ni da na tashi a inda babban ruwa shi ne Kubanni in ta kawo, da injin ya ɗauka hancin jirgi ya ɗaga sama, sai na riƙe katakon kujera da hannu biyu ina karanta addu'ar hawa abin hawa. Muka ratsa gaban Apapa, jiragen dakon kaya tsaye kamar unguwanni, kowanne an jibga masa kwantena hawa-hawa. Daga nan muka karya yamma. Tashar Tin Can, wadda aka buɗe a 1977, tana damanmu, Snake Island tana hagunmu. Da muka wuce su sai hayaniya ta yanke kamar an rufe ƙofa. Ruwa ya kwanta, gefe da gefe itatuwan nan ne masu tsayuwa a cikin ruwa da saiwoyi a waje kamar yatsun kaza, sai masunta a ƙananan kwalekwale suna jefa birgi. Sau ɗaya kainuwa ta naɗe farfelar injin, direba ya kashe, ya sa hannu ya yaye ta. Ba irin tamu ta kududdufi ba ce, wannan mai kauri ce da fure shuɗi-shuɗi, tun shekarun 1980 ta addabi ruwayen Legas.

Wanda ya tarbe mu a gaɓa wani dattijo ne Basakkwace, maigadin wani gida da ke kusa. Haƙar rijiya ce ta kawo shi kudu ci-rani, zama ya kama shi har ya shekara goma sha a tsibirin. Jin Hausa a wannan wuri ya sanyaya mini rai. Ya karɓi jakata duk da na hana, ya wuce gaba, muka bi shi cikin itatuwan kwakwa, ƙafa na nutsewa a rairayi. Tun kafin mu ga tekun muke jin rugugi kamar hadari na tahowa. Da muka hau ɗan tudun ƙarshe sai ga ta, ba iyaka, taguwa na tasowa fari fat tana dukan gaɓa. Kawu ya dube ni ya ce, "To, ga shi nan."

A jakata akwai zanen da na yi tun a gida: ginin bulo, ɗaki biyu da falo, tsakar gida, katanga mai tsawo ta zagaye, ga zaure a gaba. Gidan da na sani ke nan, kuma gida ne mai kyau a inda ya dace. Kaurin bango da ƙananan tagogi su ke kare mu daga zafin bazara da ƙurar hunturu. Na shimfiɗa takardar a kan rairayi, na danne kusurwoyinta da ɓawon kwakwa. Baba maigadi ya tsuguna ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Malam, zo in nuna maka wani abu."

Ya kai ni wani kango da ba shi da nisa. An yi shi da bulo, da katanga, kusan irin nawa. Ta gefen teku rairayi ya taru a gindin katangar har ya kai ƙirjina. Ginshiƙan sun tsattsage daga sama har ƙasa, rodin ciki ya kumbura ya yi jajir, na sa yatsa na ɓantaro shi kamar ƙanzo. Baba ya ce da yashin bakin teku suka kwaɓa simintin. Gishirin da ke cikinsa ne ya ci ƙarfen, ƙarfe in ya yi tsatsa sai ya kumbura, ya fasa kankaren daga ciki. Muka shiga ɗaki ɗaya, ko minti biyu ban yi ba rigata ta jiƙe, bango duk ya yi baƙi da funfuna. A waje kuwa iska na kaɗawa har tana neman cire hula. Katangar ta tare ta gaba ɗaya. Daga nan ya nuna mini wata kwakwa a filin Kawu, ya ɗora hannu a jikinta daidai gwiwarsa, ya ce nan ruwa ya taɓa kawowa wata shekara da teku ta yi fushi. Na naɗe takardata. Da ɗan gari akan ci gari.

Kwana uku na yi a rumfar Baba ina kallon wurin kawai. Na ga iska mafi yawa daga kudu maso yamma take zuwa, daga teku. Na ga sauro daga bayan tsibirin yake tasowa da magariba, in iska ta kwanta. Na auna nisan da taguwa ke kaiwa, na ja da baya sosai zuwa bayan tudun, inda ciyawa mai yaɗo ta riƙe ƙasa. An san rairayin gaɓar Legas daga yamma yake tafiya zuwa gabas. Shingayen duwatsun da Turawa suka gina a bakin mashigin tashar jiragen ruwa a farkon ƙarni na 20 sun tare shi, shi ya sa ya taru ta yamma, Bar Beach da ke gabas kuma ruwa ya yi ta cinye ta. Mu muna ɓangaren yamma, amma duk da haka ban yarda in matsa kusa da ruwa ba, ko da Kawu ya so a ce daga baranda ana iya taɓa kumfa.

Sabon zanen da na yi a Agege, a kan tabarmar falon Kawu, nauyi ne ya fara yanke masa hukunci. Duk abin da za a yi amfani da shi sai an ɗauke shi sau biyar: daga shago zuwa mota, daga mota zuwa bakin ruwa, zuwa cikin jirgi, zuwa gaɓa, sannan a kai a ratsa rairayi da shi. Buhun siminti kilo 50 ne, bulo ɗaya mai inci tara ya haura kilo 20, gidan bulo kuma dubbai yake ci. Sai na koma katako. Gida mai tsawon mita 9.6 da faɗin mita 6, a ɗage shi sama da ƙasa mita 1.2 a kan ƙafafu, ruwa da rairayi su wuce ta ƙarƙashi. Duk awon na bi da shi a kan mita 1.2, domin faifan filawud ƙafa huɗu ne da ƙafa takwas, kada a yanka a zubar da abin da aka sha wahalar kawowa. Ɗaki ɗaya a gabas, ɗaya a yamma, falo a tsakiya buɗe gaba da baya don iska ta ratsa. Rufi mai gangara sosai, da baki mai tsawo da zai kare bango daga feshin ruwa.

Da Hajiya ta ga zanen, tambaya ɗaya ta yi: "To ina sirrin gidan? Kowa ya wuce sai ya gan mu?" Wannan tambaya ta hana ni barci kwana biyu, kuma ita ce zuciyar aikin. Wurin yana son a buɗe, mu kuma tarbiyyarmu tana son sutura, kuma babu wanda zan iya yarwa a cikinsu. In na rufe, na sake gina wancan kangon. In na buɗe, Hajiya ba za ta zauna ba, an yi aikin banza ke nan. Mafita daga zana ta zo mini. Zana tana tare ido, ba ta tare iska. Sai na zagaye barandar da siraran katakai a jere, kowanne a karkace, yadda wanda ke zaune a ciki yana ganin teku tar, wanda ke tafiya a ƙasa kuwa in ya ɗaga kai katako kawai zai gani. Ɗagawar da aka yi wa gidan ta ƙara taimakawa, domin daɓen ya fi ƙugun mai wucewa tsawo. Zauren ma ban bar shi ba. Na ware shi ya zama 'yar rumfa mai zaman kanta ta gefen da ake saukowa daga jirgi, baƙo namiji ya tsaya nan ya yi sallama. Hajiya ta ƙara abu biyu da ban yi tunaninsu ba: famfo a gindin matakala don wanke ƙafa da alwala, da murhun gashin kifi a waje ta inda iska za ta kwashe hayaƙin ta yi gaba da shi.

Kafintan da muka samu dattijo ne daga cikin Egun, mutanen ruwa, waɗanda gidajensu na kan ƙafafu suke tun kaka da kakanni, irin waɗanda ake hangowa a Makoko daga kan gadar Third Mainland. Yana jin Hausa kaɗan-kaɗan, sauran mu cike da broka da nuni. A kasuwar katako ya ƙi duk abin da na nuna. Ya zaɓi wani jan itace mai suna ekki don ƙafafu da manyan gungume, loko kuma don bango da tagogi, saboda gara da danshi ba sa samun sa da sauƙi. Da na yi ƙorafin tsadar ekki, bai ce komai ba. Ya ɗauki guntunsa ya jefa a cikin durom ɗin ruwa, sai ga katako ya nutse ƙasa kamar dutse. Ƙusa ba ta shigarsa sai an fara huda shi da inji. A wani fili a cikin gari muka yanka komai, muka harhaɗa gidan sau ɗaya don gwaji, muka sa wa kowane katako lamba da fenti, sannan muka warware.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne iska. Na san labarin makarantar nan mai yawo a kan ruwa ta Makoko, wadda mai zanen gine-gine Kunle Adeyemi ya tsara, aka kammala a 2013, duniya ta yi ta yabawa, sannan ta rushe a watan Yunin 2016 bayan ruwa mai ƙarfi, Allah Ya sa ba kowa a ciki. Gini marar nauyi a bakin ruwa ba ya yafe sakaci, ko wajen ɗauri ko wajen kulawa. Guguwa ba ture gida kawai take yi ba, ɗaga rufi take yi sama kamar an buɗe faifai. Don haka na ɗaure kwano da katakon rufi, katakon rufi da ginshiƙi, ginshiƙi da tushe, duka da ƙarfe da noti, na kuma gicciya katakai tsakanin ƙafafun.

A watan Nuwamba, da ruwa ya ɗauke, muka fara jigila da babban kwalekwalen katako. Nan ma Baba maigadi ne ya tsara mana. Ruwan teku yana cika ya janye sau biyu a yini, kowace rana kuma yana jinkirta wajen minti 50. In ya janye, kwalekwale mai kaya ba ya isa gaɓa, sai ya kafe a taɓo. Baba ba ya duba waya. Kwanan wata yake ƙirgawa. Ya ce cikar ta fi ƙarfi a tsayuwar wata da kuma daren sha huɗu, don haka a waɗannan ranaku za a kawo kaya masu nauyi. Haka muka yi, kalandar Musulunci ta zama jadawalin aikinmu. Yashi da tsakuwa na tushe ma daga cikin gari muka kawo su a buhuna, alhali muna tsaye a kan rairayin da ido ba ya ganin ƙarshensa. Leburori suka yi ta mamaki, amma na riga na ga abin da gishiri ya yi wa wancan kangon. Kowane tushe na bar wa rodinsa kaurin kankare santimita biyar ta kowane gefe.

Rijiya kuwa Baba bai bar wa kowa ba. Ya ce a irin wannan tsibiri ruwan daɗi kwance yake a saman na gishiri, kamar mai a kan miya, ruwan sama ne da ya tsuma cikin rairayi. Wanda ya yi haɗama ya zurfafa, ko ya sa babban inji ya zuƙa da ƙarfi, sai ya jawo na gishirin, rijiya ta lalace. Yana haƙa yana ɗanɗanawa a tafin hannu. Da ya kai kamar gaba biyu ya ce a tsaya, a sa zobe. Ramin banɗaki muka kai shi can nesa, fiye da mita 30, muka shafe shi ciki da waje. Ruwan sha kuma daga sama muke tara shi. Legas tana samun ruwan da ya haura milimita 1,500 a shekara, kowace milimita ɗaya a kan murabba'in mita ɗaya lita guda ce, rufinmu kuwa ya fi murabba'in mita 80. Tankuna biyu da muka ɓoye a ƙarƙashin gidan ba za su iya riƙe ko kashi ɗaya cikin goma ba.

Ba a rasa ɓacin rai ba. Na ba da kuɗin sukurori na ƙarfen da ba ya tsatsa, mai shagon ya rantse mini su ne. Mako uku da kafa bangon kudu, na zo da safe na ga kowane sukuru ya zubo da jan hawaye a jikin lokon. Baba kafinta ya ciro maganaɗisu daga tsohuwar lasifika ya kanga a kwalin, sukurorin suka taso suka manne masa. Na ainihin, irin wanda ake kira 316, da ƙyar maganaɗisu ke jan sa. Raina ya ɓaci ƙwarai, domin amana ce Kawu ya ba ni, kuma da ba mu lura ba, nan da 'yan shekaru bangon zai saki a kan iyalinsa. Kwana huɗu muka yi muna kwance su ɗaya bayan ɗaya muna goge tabon. Tun daga ranar ba na shiga shagon ƙarfe sai da maganaɗisu a aljihu. Kwanon rufi ma na alminiyom muka sa.

Wayar lantarki ba ta iso filin ba, Kawu kuma ya ce bai bar ƙarar janareto a Agege don ya zo ya same ta a nan ba. Faifan sola shida, batir da inbata a cikin kabad mai rufi don kada iskar gishiri ta ci su, sun isa fitilu da fanka da ƙaramin firji. Sai dai a riƙa wanke faifan da ruwan daɗi, domin gishiri na yi musu yana. Ba mu sa na'urar sanyaya ɗaki ba, ba a kuma nemi ta ba. Kowace taga da raga saboda sauro.

Akwai wani ɗan aiki da na fi so a duk gidan. Gaɓar ta miƙe ne gabas da yamma, gidan yana kallon kudu, alƙibla kuwa daga Legas tana wajen digiri 63 daga arewa, wato gabas mai karkata arewa. Ba ta bi bango ko ɗaya ba. Sai na roƙi Baba kafinta ya fafe daɓen falon a karkace, ya dasa siririn jan ekki a cikin lokon, ya goge har suka zama ɗaya. Duk wanda ya shigo ya ga inda sahu zai tsaya, ba sai ya tambaya ba. Dattijon ba Musulmi ba ne, amma yini guda ya ba wannan layi, yana shafawa da tafin hannu yana sake gogewa.

Mun gama kafin ruwan Afrilu. Na koma Zariya, amma na ce wa Kawu ba zan karɓi sauran haƙƙina ba sai na kwana a gidan cikin damina. A watan Yuni, lokacin da ruwan Legas ya fi ƙarfi, muka tafi gaba ɗaya, har da Hajiya da 'yan mata uku. Da magariba hadari ya taso daga teku baƙi ƙirin. Ni da Kawu da Baba maigadi muna zaure, iska na kaɗa kwakwa har suna sunkuyawa. Na ɗauki tocila na shiga ƙarƙashin gidan, na dafa ginshiƙi ɗaya bayan ɗaya ina jin yadda suke amsa iskar. Akwai ɗan motsi, irin na itace mai rai, amma ba ƙara, ba noti ɗaya da ya saki. Ruwa na zuba cikin tanki kamar ana ɗura tulu.

Bayan isha ya tsagaita. Can nesa a kan teku fitilu suka bayyana a jere, jiragen da ke jiran layin shiga Apapa ne. Daga sama muna jiyo muryar Hajiya a baranda tana tambayar 'yan matan ko wani gari ne a can, suna dariya suna yi mata bayani. Har ƙarfe goma sha ɗaya ba ta shiga ɗaki ba. Kawu bai ce komai ba, carbinsa kawai yake ja.

Da asuba muka yi salla a kan jan layin. Da gari ya waye na zagaya da takarda: taga ɗaya ta gefen yamma ta kumbura ba ta rufuwa, na sa mata fara na rage bakinta. Rairayi ya taru a matakala ta ƙasa, na nuna wa ƙaramar yarinyar inda shebur yake. Na rubuta wa Baba maigadi watannin da za a shafa wa bangon kudu mai, da ranar da za a bi notuna da sifana, na manna a bayan ƙofar zaure. Ina cikin haka direban jirgi ya aiko yaro a guje, wai ruwa ya fara janyewa, wanda zai tafi ya taho. Hajiya ta leƙo ta tsakanin katakan ta ce a gaya masa ni kaɗai zan bi shi, su sai jibi.